Na'ura Mai Basira Da Ma'aikata Masu Bambancin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

A kusan kowane wurin aiki a kan sami ma'aikacin da kowa ya shaida ya san aikinsa, amma kullum sunansa yana cikin masu laifi. Wani akawu ne wanda ba a taɓa kama shi da kuskuren kwabo cikin lissafi ba, amma in aka ce ya rubuta wasiƙa mai layi biyar sai ya yini yana rubutawa yana gogewa, in ya gama kuma a tarar da kurakurai. Wani makaniki ne da ke gane ciwon inji daga jin kukansa, amma a ba shi saƙo uku da safe, kafin azahar ya manta biyu. Wata kuwa mai kula da fayil ce, ta san inda kowace takarda ta ke tun ta shekara goma da ta wuce, amma ran taron ma'aikata sai hayaniya ta cika mata kai, a tashi ba ta riƙe abin da aka yanke ba.

Mutane sun saba yanke wa irin waɗannan hukunci da gaggawa. Sai a ce wannan daƙiƙi ne, wancan rago, waccan kuma mai girman kai. Daga nan sai takardar gargaɗi, sai hana ƙarin girma, wani lokaci ma har sallama. Alhali kuwa sau da yawa ba lalaci ba ne, ba kuma raini ba. Ƙwaƙwalwarsu ce ke aiki ta wata hanya dabam da ta yawancin mutane.

An shirya wannan ɗan littafi domin shugabannin ofisoshi da ma'aikata da iyaye, a bayyana musu ko su wane ne waɗannan mutane, da yadda sabuwar fasahar nan da a ke kira ƙirƙirarriyar basira ta ke iya rage musu nauyi, da kuma inda ta ke iya cutar da su in ba a yi hattara ba.

Su Wane Ne Masu Bambancin Ƙwaƙwalwa?

Masu bambancin ƙwaƙwalwa su ne mutanen da aka haifa ƙwaƙwalwarsu na karɓar magana, da rubutu, da ƙara, da lokaci, ta hanyar da ba irin ta galibin jama'a ba. Wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka yayata wannan suna a ƙarshen shekarun 1990, domin a riƙa duban abin kamar yadda a ke duban bambancin tsawo ko na murya. Iri uku ne aka fi gamuwa da su a wuraren aiki.

Na fari shi ne disleksiya, watau wahalar karatu da rubutu. Mai ita ya kan sha wuya wajen haɗa harafi da sautinsa, saboda haka karatunsa ya kan yi nauyi, rubutunsa ya cika da kurakurai, ko da yake hankalinsa garau ya ke. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata suna cikin 1887. Cikin 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda ya kasa koyon karatu, har malaminsa ya ce da a ce da baki kaɗai a ke koyarwa da ba wanda zai wuce shi a makarantar. A Birtaniya an ƙiyasta kimanin mutum ɗaya cikin goma yana da ita, mai sauƙi ko mai tsanani.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan ADHD, watau rashin tsayuwar hankali wuri guda. Mai shi ya kan fara aiki uku bai gama ɗaya ba, lokaci ya kan kuɓuce masa, ya kan manta alkawari ba da nufi ba. Amma in aiki ya kama ransa ya kan duƙufa har ya manta da abinci. Likita George Still ya yi bayanin yara masu irin wannan hali a Landan cikin 1902. Da an ɗauka abin na yara ne kaɗai, yanzu kuwa an tabbatar yana bin mutane da yawa har girmansu, kimanin biyu zuwa huɗu cikin ɗari na manya.

Na uku shi ne otizim. Wasu su kan kira shi galahanga, sai dai wannan kalma a bakin jama'a ta haɗa larurori da yawa waɗanda ba ɗaya ba ne. Mai otizim ya kan ɗauki magana a yadda aka faɗe ta, habaici da zaurance su kan wuce shi, haɗa ido da mutane ya kan yi masa nauyi, ƙara ko haske mai yawa su kan dame shi ƙwarai, yana kuma son tsari wanda ba a sāke shi ba zato. Da yawa daga cikinsu suna da lura da ƙananan abubuwa, da naci, da faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 masu wannan hali a Baltimo ta Amurka cikin 1943, Hans Asperger kuma ya yi nasa a Biyana ta Ostiriya cikin 1944. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya bai yi nisa da mutum ɗaya cikin ɗari ba. Masu otizim ba ɗaya su ke ba: akwai mai bukatar a kula da shi muddin ransa, akwai kuma injiniya da malamin jami'a.

Wajibi ne jama'a su gane waɗannan abubuwa ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Bincike ya nuna gado yana da babban hannu cikinsu. Allurar rigakafi ba ta kawo otizim, an bincika wannan zance cikin yara masu ɗimbin yawa a ƙasashe dabam dabam, an tarar ba shi da tushe.

Inda Gizo Ke Saƙa

Kowane aiki yana da cibiya, yana kuma da gefe. Cibiyar aikin akawu lissafi ne, ta makaniki gyara ce. Gefen kuwa shi ne cika fom, da rubuta rahoto, da amsa wasiƙa, da zaman taro, da tuna ranar da za a miƙa abu, da gane abin da shugaba ke nufi sa'ad da ya yi magana a dunƙule. Mai bambancin ƙwaƙwalwa ba kasafai ya ke faɗuwa a cibiyar aiki ba. A gefe ya ke tuntuɓe, da gefen kuma a ke auna shi.

Hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Cikin Fabrairu 2024 Gwamnatin Birtaniya ta fitar da rahoton binciken da Sir Robert Buckland ya shugabanta, wanda ya nuna cikin masu otizim da suka isa aiki, uku kaɗai cikin goma ke da aikin yi. Masu nakasa gaba ɗaya kuwa biyar ne cikin goma, sauran jama'a takwas cikin goma.

An daɗe da gane cewa in an gyara gefen, cibiyar ta kan fito fili. Cikin 2004 wani mutumin Denmak, Thorkil Sonne, wanda ɗansa ke da otizim, ya kafa kamfani mai suna Specialisterne, yana ɗaukar masu otizim aikin gwajin manhajar kwamfuta, aikin da ke bukatar lura da naci. Kamfanin SAP na Jamus ya buɗe irin wannan shiri cikin 2013, Microsoft na Amurka kuma cikin 2015. Sai dai waɗannan manyan kamfanoni ne masu kuɗin ɗaukar mataimaka. Abin da ya sāke yanzu shi ne wani sashe na wannan taimako ya shigo cikin kwamfutar ofis da wayar hannu.

Mece Ce Ƙirƙirarriyar Basira?

Ƙirƙirarriyar basira ita ce dabarar sa kwamfuta ta yi ayyukan da a da sai mai hankali ke yin su, kamar gane magana, da karanta rubutu, da amsa tambaya. Sunan ya kafu ne a wani taron masana da John McCarthy da abokansa suka shirya a kwalejin Dartmouth ta Amurka cikin 1956. Tun da wuri masu nakasa suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Cikin 1976 Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke duba shafin littafi ta karanta wa makaho da murya. Cikin 1997 aka fito da manhajar Dragon NaturallySpeaking, wadda mutum ke yi wa magana ba tsayawa tana rubutawa.

Babban sauyi ya zo ran 30 ga Nuwamba 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI ya buɗe wa jama'a ChatGPT. Daga baya irinta suka biyo, kamar Copilot na Microsoft da Gemini na Google. Ga yadda su ke aiki a taƙaice. An ɗura wa na'urar rubuce-rubuce masu yawan da mutum ba zai iya karance su ba ko ya shekara dubu, har ta laƙanci yadda kalmomi ke bin juna. In aka yi mata tambaya, sai ta riƙa jero kalmar da ta fi dacewa ta biyo, ɗaya bayan ɗaya, har amsa ta cika. Ba ta san gaskiya da ƙarya ba yadda mutum ya san su. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama a nan amfaninta ya ke, a nan kuma hatsarinta ya ke.

Hanyoyi Huɗu Na Taimako

1. Karatu da rubutu. Mai disleksiya yana iya faɗar abin da ya ke so da baki, na'ura ta mai da shi rubutu. Yana iya rubuta maganarsa yadda ta zo masa, da kurakuranta, ya ce a gyara haruffa a tsara jimloli ba tare da an taɓa ma'ana ba. In an aiko masa takarda mai shafi ashirin, na'ura tana iya karanta masa da murya, ko ta fitar masa da manyan batutuwan cikinta. Cikin Disamba 2022 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani mai sana'ar gina tafkunan wanka a karkarar Ingila, wanda disleksiya ta sa ya ke fargabar rubuta wa masu ba shi aiki. Wani abokin hulɗarsa ya haɗa masa 'yar manhaja: ya rubuta layi guda a gajarce, ita kuwa ta mayar da shi cikakkiyar wasiƙa mai ladabi. Gwanintarsa ta gini ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Abin da ya hana a gan ta ne aka kawar.

2. Tsara aiki da lokaci. Ga mai ADHD babban aiki kamar dutse ya ke, bai san ta ina zai fara ba, sai ya yi ta jinkiri har ranar ta ƙure. In ya gaya wa na'ura an sa shi haɗa rahoton wata uku, za ta yanka masa aikin ƙanana ƙanana: tattara rasit, jera su bisa kwanan wata, haɗa jimla, rubuta bayani, kai wa shugaba. Tana iya ƙiyasta lokacin da kowane yanki zai ci, ta sa masa tuni a waya. Akwai manhajar da aka yi musamman domin wannan, kamar Goblin Tools, wadda mutum ke iya cewa a ƙara yanka masa aikin in har yanzu ya yi masa girma.

3. Zaman taro. Sauraro da rubutu a lokaci guda aiki biyu ne, ga wasu kuwa ɗaya ne kaɗai ke yiwuwa. Manhajojin taro na zamani suna rubuta abin da kowa ya faɗa yana faɗa, bayan an tashi su fitar da taƙaitaccen bayani: abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa, da ranar cikawa. Ma'aikaciyar da hayaniya ta cika wa kai tana iya komawa kujerarta ta karanta a natse. Akwai kuma abin sawa a kunne mai tace ƙarar ofis ya bar muryar mai magana. Sharaɗi dai, ba a ɗaukar muryar mutane sai da saninsu da yardarsu.

4. Gane manufar magana. Shugaba ya kan rubuta wa na ƙasa da shi cewa in ya sami sarari ya duba fayil kaza, alhali nufinsa a yi yau. Mai otizim yana iya ɗaukar maganar a yadda ta zo, ya bari sai ya sami sararin, gobe a ce ya raina shugaba. Na'ura tana iya nuna masa ma'anoni biyu da saƙon ke iya ɗauka, ta ba shi shawara ya tambaya a sa masa rana. Haka kuma in shi ya rubuta amsa gajera ba gaisuwa, tana iya gaya masa mai karantawa zai ji ta da kaushi, ta nuna masa yadda zai sassauta. Wasu su kan gwada ganawar neman aiki da ita, ita tana tambaya su suna amsawa. Wani amfani da masu abin ke yawan ambata shi ne, ko sau goma aka tambaye ta abu ɗaya ba ta ƙosawa, ba ta kuma kai gulma.

Abin Da Gwaji Ya Nuna A Birtaniya

Gani ya kori ji. Daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba 2024 Gwamnatin Birtaniya ta ba ma'aikatanta 20,000 damar gwada Copilot cikin aikinsu na yau da kullum. Rahoton da ya fito cikin Yuni 2025 ya ce a matsakaici kowane ma'aikaci ya rage minti 26 a rana. Amma fa ma'aikatan ne suka ƙiyasta wannan da kansu, ba da agogo aka auna ba.

Ma'aikatar Kasuwanci da Ciniki ta ƙasar ta yi nata gwaji dabam da lasisi 1,000, daga Oktoba zuwa Disamba 2024, ta kuwa duba abin da kyau. Kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka ba da amsa sun ce sun gamsu. Abin lura shi ne ma'aikata masu bambancin ƙwaƙwalwa sun fi sauran nuna gamsuwa, sun kuma fi su cewa za su ba wani shawara ya yi amfani da ita. Waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare su, su ma sun ce ta sauƙaƙa musu rubutu.

Rahoton bai ɓoye ɗaya gefen ba. Na'urar ta yi kyau wajen rubuta wasiƙa da taƙaita takardu, amma wajen nazarin alƙaluma cikin Excel masu amfani da ita sun fi jinkiri, aikinsu kuma bai kai na waɗanda suka yi da hannu kyau ba. Masu binciken ba su sami tabbatacciyar shaida cewa yawan aikin ma'aikatar gaba ɗaya ya ƙaru ba. Darasin a fili ya ke. Na'urar ba ta mai da kowa gwani ba. Inda ta fi amfani shi ne wurin wanda gefen aiki ke danne wa gwaninta.

Gargaɗi

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Akwai hatsari huɗu da ya wajaba a sani.

Na ɗaya, na'urar ta kan yi kuskure, ta kuma faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Tana iya ƙago lamba, ko suna, ko sashen doka da babu shi. Mai disleksiya kuwa shi ya fi kowa wahalar gano kuskure cikin rubutu. Saboda haka ya sa a karanta masa da murya kafin ya aika, duk takardar da ta shafi kuɗi ko doka ko lafiya kuma wani mutum ya duba ta. Wanda ya sa hannu shi ke da alhaki.

Na biyu, asiri. Abin da aka rubuta cikin manhajar kyauta yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, sau da yawa a wata ƙasa. Kada a zuba mata asirin ofis, ko bayanin albashi, ko sunayen majinyata. A yi amfani da wadda wurin aiki ya amince da ita.

Na uku shi ne mafi girma, watau sa na'ura ta tace masu neman aiki. Tun da daga rubutun mutane ta koya, har son zuciyarsu ta kwaso. Cikin 2024 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun ɗauki takardar tarihin aiki guda, suka yi mata kwafi, suka ƙara wa kwafin lambobin yabo masu nuna mai ita yana da wata nakasa, sa'an nan suka ce ChatGPT ta jera su bisa cancanta. Ko da yake kwafin ya fi yawan yabo, kimanin sau ɗaya cikin huɗu kaɗai ta sa shi gaba, wanda ya ambaci otizim kuwa shi ya fi shan kaye. Akwai kuma manhajojin da ke duban fuskar mai neman aiki ta bidiyo su ba shi maki. Wanda ba ya haɗa ido, ko muryarsa ba ta hawa da sauka, ya faɗi tun bai buɗe baki kan aikin ba. Kamfanin HireVue, wanda ya yi suna da wannan, ya sanar cikin 2021 ya daina auna fuska. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta hana amfani da na'urar da ke ƙiyasta halin zuciyar mutum a wurin aiki da makaranta, sai domin lafiya ko tsaro, hanin kuwa ya fara aiki cikin Fabrairu 2025.

Na huɗu, kada na'ura ta zama hujjar shugaba ta sauke nauyin da ke kansa. Ba da umurni a fili, da rubuta shi, da sa wa aiki rana, da ba ma'aikaci kujera nesa da hayaniya, duk ba su bukatar kwamfuta. Ba daidai ba ne kuma a tilasta wa mutum ya wanke kowace kalmarsa ta cikin na'ura domin ya yi kama da kowa. Har wa yau na'ura ba likita ba ce. Gano ko mutum yana da ɗaya daga cikin waɗannan halaye aikin ƙwararru ne.

Halin Da A Ke Ciki A Nijeriya

Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta haɗa nakasar jiki, da ta hankali, da ta gani ko ji, ta kuma bukaci ma'aikatun Gwamnati su yi ƙoƙari masu nakasa su kai kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu. An kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa cikin 2020. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ke bukatar tsaro na musamman. Watau in ma'aikaci ya gaya wa shugabansa halin da ya ke ciki, amana ce, ba labarin da za a baza a ofis ba.

Akwai batun harshe. Yawancin aikin ofis da Turanci a ke yi, saboda haka Bahaushe mai disleksiya kaya biyu ya ɗauka, na harafi da na baƙon harshe. A nan na'ura tana da amfani ƙwarai. Amma da Hausa ƙarfinta bai kai na Turanci ba, domin rubutun Hausa da ta koya daga gare shi kaɗan ne. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara cikin 2013, cikin 2024 kuma ya ƙara damar yin magana da Hausa waya ta rubuta. Duk da haka a kan gamu da tuntuɓe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka na'ura mai karantawa tana iya rikita kukan yaro da kukar miya, ko garin Kano da garin tuwo, ta kan kuma zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta. Shi ya sa ya fi kyau wurin aiki ya ɗauki nauyin kayan, kada a bar wa ƙaramin ma'aikaci.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ga shugabannin wuraren aiki:

1. In ma'aikaci ya ƙware a cibiyar aikinsa amma yana tuntuɓe a gefe, a kira shi a keɓe a tambaye shi abin da ke ba shi wuya, kafin a rubuta masa takardar gargaɗi.
2. A buɗe waɗannan kayan aiki ga kowa da kowa, domin da yawa ba su taɓa ganin likita kan wannan ba, wasu kuma suna jin nauyin faɗa.
3. A bar ma'aikaci ya zaɓi abin da ya dace da shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.
4. A rubuta ƙa'ida a fili: wace manhaja aka yarda da ita, wane bayani ne ba a sa mata.
5. Kada a bar na'ura ita kaɗai ta yanke wanda za a ɗauka aiki, ko wanda za a ƙara wa girma. A gwada mai neman aiki da aikin kansa.

Ga ma'aikata:

1. A fara da abu ɗaya wanda ya fi ci wa mutum tuwo a ƙwarya, wasiƙa ce ko tsarin lokaci, a gwada mako biyu a ga ko an sami sauƙi.
2. A duba duk abin da na'ura ta rubuta kafin a sa hannu.
3. A ci gaba da tambayar abokan aiki. Na'ura ba ta san halin shugaban ofis ba, wanda ya shekara goma tare da shi ya sani.

Wanda idonsa ba ya gani nesa ba a ce masa rago, tabarau a ke nema masa, ba a kuma ce tabarau ne ya yi karatun. Haka ya kamata a ɗauki wannan na'ura. Akawun nan da makanikin nan da mai kula da fayil sun riga sun iya aikinsu tun kafin a ƙera ta. In an ba su ita a hannunsu, an koya musu iyakarta, shugabanni kuma sun yi nasu, wurin aiki zai riƙe gwanayen da a da ya ke sallama bisa kuskure, magidanta da yawa kuma za su tsira da abincinsu da mutuncinsu.